Ruwan Rini da Kaɗanyar Yaba Tene

A Fada Ngurma aka raba mu da shuninmu.

Mu biyu ne a tafiyar, ni Garba da Lawwali, ɗan ƙanin mahaifina, wanda na girme shi nesa ba kusa ba. Marina ne mu, 'ya'yan marina, daga wani ƙauye a kudancin Kano. Fari ya hana baba, ganyen da ake yin shuni da shi, fitowa a gonakinmu, galurar kanti kuma ta kashe kasuwar karofi. Shi ya sa muka ɗaure ɗan shunin da ya rage mana a buhu, muka nufi Wagadugu, inda aka ce akwai wani Alhaji Bawa mai sayar da yadi a unguwar Zango yana neman masu rini. Lokacin ƙasar ba ta sake suna ba tukuna, Hot Bolta ake ce mata.

Motar kayan da ta ɗauko mu ta tsaya shan mai, sai ga wani mutum sanye da kakin da ya sha guga, da hula a karkace. Ya zagaya kayan fasinja yana dukan su da sanda, har ya zo kan buhunmu. Ya kwance, ya ɗauki curi ɗaya ya sunsuna, ya yamutsa fuska, ya zubo Faransanci. Wani fasinja ya fassara mana cewa wai wannan kayan daji ne, ba ya wucewa sai da takarda. Ya ce mu jira shi a nan, zai kai buhun ofis a duba. Muka jira. Direba ya yi ta danna ƙaho har ya gaji, ya sauke mana tabarminmu ya tafi.

Wata mai ƙosai da ke gefen hanya ce ta gaya mana gaskiya, da guntuwar Hausarta. Ta ce mutumin ba ma'aikacin kowa ba ne, kakin ma a gwanjo ya saye shi.

Na zauna a kan dutse, na riƙe kai. Shunin nan mahaifina ne ya cura shi da hannunsa, daga baban damina ta ƙarshe da ta yi mana kirki. Ina ɗaga ido sai na ga Lawwali ya tsuguna gaban matar yana hura mata wuta, yana kwaikwayon tafiyar ɓarawon da karkatacciyar hularsa, ita kuwa tana dariya har da share hawaye. Can sai ga shi da ƙosai cike da takarda, ga kuma labarin cewa ƙanin mijinta yana da mota mai zuwa Wagadugu, zai ɗauke mu kyauta.

Na ci ƙosan, don yunwa nake ji. Amma tun daga wurin nan na fara lura da abin da ban taɓa kula da shi ba a gida. A gida ni ake sani, ni ke riƙe da muciya, shi yana wanke zane. Da muka fito inda babu wanda ya san ubanninmu, sai ya zama shi ake gani.

Mun shiga Zango da hantsi. Kunnena ya ji Hausa ta ko'ina, amma wata iri, wadda aka yayyafa wa Faransanci da Mosanci har sai ka kasa kunne sosai. Jikokin fataken goro ne, da yawansu ba su taɓa ganin Kano ba, amma suna tambayar ta kamar mai tambayar kakarsa. Alhaji Bawa ya karɓe mu a zaure, ya ji labarin buhu, ya kaɗa hannu.

"Bon, ku bar wannan," in ji shi. "Wa ke jiran shuni yanzu? Ga galura, ga soda, ga duro. Da safe ka tsoma, da la'asar ka shanya, gobe yana butiki ana sayarwa. Wala."

Ya ba mu ɗaki a bayan gida, kusa da inda aka jera durorin. Ba mu gama shimfiɗa tabarma ba sai ga wata tsohuwa ta shigo da ƙwarya a hannu, 'yar ƙarama, bayanta ya ɗan ranƙwafa. Maƙwabciyar Alhaji ce, Bamosa, sunanta Tene, amma duk unguwa Yaba suke ce mata, wato kaka. Dangin mijinta suna wurin tun kafin Zango ya faɗaɗa ya kewaye su. Abin da ke cikin ƙwaryar ruwan gero ne mai ɗan tsami da zaƙi, zomkom suke kiran sa, da shi ake tarbar baƙo. Ni ta fara miƙa wa, don ta ga ni ne babba. Ban manta wannan ba. Na sha, na ce na gode. Lawwali ya sha, ya tambayi wani yaron gidan Alhaji yadda ake godiya da harshenta, ya juyo ya ce mata, "Barka, Yaba." Ta tafa hannu.

Aikin galura ba rini ba ne, wahala ce mai launi. Soda tana cin hannu, tururin yana shaƙe maƙogwaro, kuma da ka gama sai ruwan ya zama abin zubarwa. A karofinmu na gida babu abin da ake zubarwa. Dattin ƙasan rami ma ƙona shi ake ya zama katsi, ya koma ramin. Nan kuwa kullum sai mun tuntsurar da duro a kwata. Kwatar ta bi lungu, ta bi gindin katangar Yaba, ta je ta kwanta a wani ɗan kwari, daidai inda saiwar kaɗanyarta ta fito waje.

Kaɗanyar nan babba ce, ita kaɗai ce irinta a duk Zango, ta fi rufin gidajen tsawo. Kowace safiya nakan hangi tsohuwar ta kan katanga tana zuba ɗan ruwan gero a gindinta tana magana ƙasa-ƙasa. Nakan kau da kai in yi a'uziyya. A wurina itace itace ne. A garinmu da tuni an sare ta an sassaƙa turame.

Ba a daɗe ba ganyen ɓangaren da ke kallon lungu ya fara ƙonewa daga baki. Sannan kajin Yaba suka fara mutuwa. Wata rana bayan azahar ta shigo zauren Alhaji, hannu ɗaya riƙe da matacciyar kaza mai jan baki, ɗayan cike da busasshen ganye. Ta ajiye su a gabansa.

Alhaji ya gyara zama. "Yaba, kwata ba tawa ba ce, ta lameri ce, hukumar gari. Su ya kamata su gyara. Kazar kuma zan ba ki wata."

Ta yi magana mai tsawo da Mosanci, muryarta ba ta tashi ba. Matar Alhaji da ke bayan labule ce ta fassara mana daga baya. Ta ce kakan mijinta ya tarar da itacen a tsaye, bai ce nasa ba ne. Ta ce da man itacen ta shafe kowane ɗa da ta haifa, waɗanda suka rayu da waɗanda ba su rayu ba. Ta ce kaza ana sayen ta, amma tana so Alhaji ya nuna mata kasuwar da ake sayar da kaɗanya mai wannan shekaru.

Da muka koma ɗaki na ce wa Lawwali, "Abin ai mai sauƙi ne. A haƙa rami mai zurfi can bayan makewayi, nesa da saiwar, a zuba duwatsu da gawayi da yashi. Ruwan ya riƙa shiga can."

"Wallahi Yaya, ka kawo shawara," ya ce.

Muka ari diga da shebur. Ni na fasa ƙasar, ni na ci ƙarfin wurin da yake da marmara, har tafin hannuna ya ɗuri ruwa. Da ramin ya kusa kai ƙirji sai na fito na tafi bakin famfo in wanke jikina. Ina dawowa na tarar da Yaba tsaye a bakin ramin, Lawwali a ciki yana kwashe ragowar ƙasa, gumi yana zuba. Tana kallon sa kamar ta ga ɗan da ya ɓata ya dawo. Ta dafa kansa ta ce, "M biga." Ɗana ke nan. Ni kuwa ga ni fes, da tsabtatacciyar riga, kamar mai wucewa.

Me zan ce? In ja hannunta in nuna mata ƙurajen tafina?

Daga ranar Lawwali ya zama ɗan gidan. Yana gama aiki sai ya tsallaka. Ya toshe kwatar da ke gindin katanga, ya kwashe ƙasar da ta yi ja, ya kawo sabuwa da takin awaki. Harshensu ya riƙa shiga bakinsa kamar ruwa. Ni nawa bai wuce gaisuwar safe ba, ita ma in na faɗa sai yara su fashe da dariya, sai na daina. Da yamma nakan zauna ni kaɗai a ƙofar ɗaki ina jin muryarsa da tata ta kan katanga, ina tuna gida: ƙarar 'yan bugu da sassafe, warin karofi, tuwon dawar innata da miyar kuka. Wani lokaci ya dawo da tuwonsu a kwano ya ce in ci. Nakan ce na ƙoshi, in bari sai ya fita sannan in ci.

Da damina ta faɗi, kaɗanyar ta fitar da sabon ganye a ɓangaren da ya ƙone. Duk lungun aka yi ta cewa Lawwali ya ceci itacen Yaba.

A wannan daminar ce Yaba ta tafi da shi ƙauyensu, kudu da gari. Ya dawo idonsa na ƙyalli, ya zazzage aljihu a gabana. Ganyen baba ne, ɗanye shataf. Na murza shi a yatsa, na sunsuna. Na ɗago na dube shi.

"Ina ka samo?"

"Yaya, fadama ce guda, ba wanda ya shuka shi. Ga marke kuma, kurmi guda. Sai ka gani da idonka."

Na je na gani. Mun bi ta ƙasa mai tsakuwa, ja, wadda ba ta fi tamu albarka ba. Sai kawai ga kurmi a gabanmu, baƙi ƙirin don duhun ganye. Marke, ɗorawa, kanya, kuka, wasu kututturan mutum uku ba za su rungume su ba. Busassun rassa na nan zube a ƙasa ba mai ɗauka, alhali matan garin suna tafiya mai nisa neman itacen girki. Na tsaya ina kallo. Garinmu ma an yi irin wannan wurin, ina yaro na sha tsinkar kanya a cikinsa. Mu da kanmu muka cinye shi, gatari bayan gatari, muka toya katsi, muka sayar da itace a bakin titi, sannan muka zauna muna cewa Allah ya hana mu ruwa. Su waɗannan da nake yi wa kallon marasa salla, nasu na nan tsaye. Ranar har garin na ji ina yi wa ƙyashi.

Akwai wani dattijo da suke kira tensoba, shi ke kula da al'amuran ƙasa. Ba a taɓa komai a wurin sai da izininsa. Ya raka mu fadamar. Ina ganin baban nan ya kai gwiwa, sai hannuna ya tafi ga lauje. Na kama dami zan yanke daga tushe, yadda muke yi a gona. Dattijon ya riƙe min wuyan hannu. Tsoho ne, amma riƙon na da ƙarfi. Ya yi magana yana kallon cikin idona.

"Me ya ce?"

Lawwali ya sunkuyar da kai. "Ya ce ganye ake tsinka, ba a yanke uwar. Mai 'ya'ya kuma a bar shi ya zubar."

"Ya faɗi fiye da haka."

"Ya ce... ya ce mai yankewa daga tushe mutum ne da ba ya da niyyar dawowa baɗi."

Na mayar da laujen. Dattijon ya yanke hukunci cewa Lawwali ne zai riƙa tsinka, tun da Yaba ta tsaya masa, kuma ɓangare ɗaya kawai a kowace shekara. Ni aikina riƙe bakin buhu. Ni da na fara yankan baba tun Lawwali yana goye.

Mun dawo da ganye, Lawwali ya daka, ya cura, ya shanya. Ya haƙa ɗan rami a tsakar gidan Yaba, nesa da itacen, ya shafe shi da siminti. Ya zuba ruwa da toka da shuni, ya yi ta motsawa. Ramin ya ƙi tashi. Ruwan ya yi wari irin na ruɓa, ba kumfa, ba komai. Ya kwashe ya sake, ya sake lalacewa. Ina ji, ina gani ta kan katanga, kuma ba zan ɓoye ba, kwanakin nan abinci ya fi yi min daɗi.

Sai ya zo ya durƙusa a gabana bayan sallar asuba.

"Yaya, ramin nan ya fi ƙarfina. Ka zo ka duba min, don Allah."

Na so in ja masa rai. Amma marini ba ya iya jin rami na mutuwa kusa da shi ya zauna. Na je. Na ɗanɗana ruwan a harshe, na ce tokarsa ba ta da kaifi. Na sa aka nemo karan dawa muka ƙona, na tace, na sake haɗi, na rufe, na hana kowa taɓawa. Safe da yamma ina zuwa in motsa. Ranar da na ɗaga murfin na ga kumfa mai shuɗi da ƙyallin jan ƙarfe ta taru a sama, warin nan ya bugi hancina, sai na ji kamar ina tsaye a karofin gidanmu mahaifina na bayana. Na juya baya don kada su ga idona.

Zanen farko da ya fito, Yaba aka ba. Ta ɗaura shi ta zagaya unguwa tana cewa aikin ɗanta Lawali ne, haka take kiran sa.

Ana nan sai mulki ya sake hannu, ƙasar ta sake suna. Sabuwar gwamnati ta matsa kan dashen itatuwa da hana saran daji, ta kuma ce ma'aikata su riƙa sa saƙin gida. Masaƙa suka tashi neman zare mai launin da ba ya zuba. Matan manya daga unguwar Kuluba suka fara zuwa Zango a kan ƙananan baburan nan da ake kira mobilet, suna tsayawa a bakin lungu suna tambayar gidan Lawali mai rinin ganye. Da shuni yake ba su baƙi da shuɗi, da ganyen marke yake ba su ruwan ƙasa da rawaya. Yana yi musu bayani da Mosanci da ɗan Faransancin da ya tsinta, yana nuna musu cewa ruwan raminsa ko kaza ta sha ba abin da zai same ta. Alhaji Bawa da ya ce ba mai jiran shuni, shi ne ya fara zuwa da yadi yana cewa, "Ɗana Lawwali, nawa fa a sa shi gaba."

Na ce wa Alhaji ni ma a mayar da ni ramin. Ya ce, "To wa zai riƙe min duro? Kai ne babba, kai ka san aikin." Haka na ci gaba da galura, da safe kuma in leƙa ramin Lawwali in gyara masa haɗi kafin masu saye su zo. Hannuwana suka tsattsage har ba na iya damƙar tuwo. Wata rana Lawwali ya kawo min curin man kaɗanya a ganye, ya ce Yaba ce ta ce a ba ni. Man ya yi min magani. Amma na daɗe ina tunani: ita ta lura da hannuna, ko shi ya roƙa min?

Na kasa haƙuri wata la'asar, bayan wasu mata sun tafi suna yaba shi.

"Lawwali, wa ya tada ramin nan?"

"Kai ne, Yaya."

"Wa ke gyara shi kullum?"

"Kai ne."

"To me ya sa ba wanda ya sani?"

Ya dube ni da mamaki na gaske. "Ai kullum ina faɗa musu. Yanzun nan ma na faɗa, kana tsaye. Na ce ga yayana, shi ne malamina. Da Mosanci na faɗa, ba ka ji ba ne."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Cikin wannan hali wani mutum daga unguwar Gungen ya same ni a masallaci. Mai fara'a, mai yawan rantsuwa. Ya ce shi ya san gaskiya, ya san ni ne mai aikin, ƙanina baki kawai yake da shi. Maganar da na daɗe ina jiran wani ya faɗa ke nan. Ya ce yana da fili, yana da masu kawo masa baba buhu-buhu, in zo mu buɗe namu, sunana za a rubuta a ƙofa. Na naɗe tabarmata ban yi wa kowa sallama ta kirki ba.

Na tada masa ramuka uku. Yana tsaye a kaina yana tambayar komai, ni kuwa ina ta zuba bayani, don na yi kewar a tambaye ni. Baban da ake kawowa da saiwarsa yake zuwa, an tumɓuke shi ɗungurungum daga wata fadama da ba ta da mai tsaro. Na gani, na tuna riƙon dattijon nan a hannuna, na kau da kai. Da ramukan suka kama aiki, sai ya fara cewa kasuwa ba ta yi ba, abinci ya yi tsada, ɗakin da nake kwana ƙaninsa zai dawo cikinsa. A ƙofa kuwa sunansa ne aka rubuta. Na ji daga baya cewa da shekara ta zagayo masu kawo baban sun je fadamar ba su sami ko tsinke ba, ramukan suka bushe. Wannan bai mayar min da komai ba.

Na dawo Zango a ƙafa, tabarma a kafaɗa, ina shirya amsar da zan bayar in an yi min dariya. Ba wanda ya yi. Lawwali ya tashi ya karɓi tabarmar, ya shimfiɗa ta a inda take da, ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ramin ya yi kewarka, kumfarsa ta ragu." Ko tambaya ɗaya bai yi min ba. Kirkin nan nasa ya fi komai ci min rai, don bai bar min inda zan kama in ce ga laifinsa ba.

A daminar da ta biyo baya ya tafi ƙauye tsinkar ganye, aka yi ruwa mai yawa, rafin da ke tsakani ya cika ya hana wucewa. A kwanakin ne jikin Yaba ya tsananta. Dama ta daɗe ba ta fita, idonta ya rufe, sai dai a fitar da ita gindin itacen ta sha iska. Ina bakin rami da hantsi, hannuna shuɗi har gwiwar hannu, sai surukarta ta fito da sauri. Ta iya Hausa kaɗan.

"Lawali bai dawo ba? Tun safe shi take kira."

Na ce ruwa ya tare shi. Sai ta ce, "To kai zo."

An kwantar da ita a tabarma ƙarƙashin kaɗanyar. Ta ƙara ƙanƙancewa. Na tsuguna, na yi gaisuwar nan guda da na iya. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta kai shi hancinta ta sunsuna. Sai fuskarta ta saki.

"Lawali," ta ce. "M biga."

Na buɗe baki in ce Garba ne. Surukar ta girgiza min kai. Na rufe.

Ta yi magana mai tsawo, tana tsayawa tana numfashi. Wani lokaci ta nuna sama wajen rassan, wani lokaci ta matse yatsuna. Surukar ta tafi kiran maza, ba mai fassara min. Ta ɗora tafinta a kaina, yadda na ga ta yi masa a bakin rami, ta yi ta jero kalmomi masu kama da addu'a. Duk inda ta tsaya sai in ce amin. Tafin nata ba nauyi, amma na ji shi har tsakiyar bayana. Tun da na bar gida ba wanda ya dafa kaina. Na san ba nawa ba ne, na sunkuya na karɓa.

Kafin la'asar, Yaba ta cika.

Lawwali ya iso washegari, laka har cinya, buhu a ka. Tun daga bakin lungu ya ji kuka. Ya ajiye buhun a tsakiyar hanya. Bayan an yi abin da za a yi, ya same ni a ƙofar ɗaki, idonsa ja.

"An ce kai ne a wurinta."

"Ni ne."

"Ta ambace ni?"

"Kai kaɗai ta ambata. Ta ɗauka kai ne. Ta daɗe tana magana, ta sa maka albarka."

Ya matso, ya kama gwiwata da hannu biyu. "Me ta ce, Yaya? Faɗa min duka, kada ka rage komai."

Na nemi abin da zan ba shi na rasa. Sunansa na ji, da m biga, da barka sau da yawa. Sauran duk ya wuce ta kunnena kamar ruwan sama a kan kwano. Na faɗa masa haka.

"Ta nuna itacen? Ta ce a yi masa wani abu?"

"Ta nuna. Ban san me ta ce ba."

Ya sake ni, ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallon kaina, daidai inda na ce ta dafa. Na san kallon nan. Shekaru na yi ina yi masa shi, ban taɓa ganin sa a fuskar wani yana nufo ni ba.

"Ina ma ni ne," ya ce. "Kai ka samu, Yaya."

Na ce masa ya yi haƙuri, albarkar tasa ce, da sunansa aka yi ta. Gaskiya na faɗa. Ya gyaɗa kai, amma bai daina kallon ba, ni kuma ban kau da kaina ba.